Silin Gashina a Ƙarƙashin Madubin Likita

Ni mutum ce mai mantuwa, har 'ya'yana sun mai da abin wasa, don sai in ajiye makulli da hannuna in dawo ina faɗan wa ya ɗauka. Amma akwai wata safiyar Lahadi a tsakar gidanmu na Matameye wadda ko tsufa ya rikita ni ba na jin za ta fita daga kaina. Ita ce ranar da na tsige gashin kaina a gaban kakata da matan unguwa, na sa shi a ƙarƙashin madubin likita, don kawai a bar ƙanena ya sami magani.

A lokacin ina lakwal, wato makarantar boko, ajin ƙarshe na koleji, ana shirin brebe, jarrabawar fita. Babanmu, kamar yawancin mazan unguwarmu, da an gama kai amfanin gona gida sai ya kama hanyar Kano cin rani, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Idan ya tafi, gidan yana hannun mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajiya. Innarmu kuwa ko ido ba ta iya haɗawa da surukarta, balle ta ja da maganarta. Kada ku ɗauka Hajiya wata tsohuwa ce da ba ta san inda duniya ta dosa ba. Ungozoma ce, rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo, kuma in yaro ya kwana da zazzaɓi, kafin uwarsa ta yi tunanin gidan likita sai ta fara leƙowa ta ji abin da Hajiya za ta ce. Tana da kaifin kai da kaifin baki, kuma duk wanda ya san mu ya ce ni na gado ta. Shi ya sa ba ma daɗewa a inuwa ɗaya ba mu tanka wa juna ba.

Ƙanena a lokacin bai wuce shekara goma ba. Shi ne ɗan lelen Hajiya, "maigidana" take ce masa, irin wasan kaka da jika. Shi da abokansa ba su da aiki sai wanka a tabkin da ke bayan garkunan rake, su dawo idanu jajur, ƙafafu fari fat. Wata rana Inna ta lura da jini a wandonsa. Da aka matsa masa sai ya ce ai ya daɗe, in ya yi fitsari sai jini ya biyo a ƙarshe. Hajiya ko a jikinta. "Tsargiya ce," in ji ta. "Wane ɗa namiji ne bai yi ba a garin nan? Ubanku ma ya yi, ga shi can da gemunsa." Ta jiƙa masa sassaƙe, ta hana shi yaji, aka ci gaba da harkoki.

Sai dai wannan tsargiyar ba ta wuce ba. Yaro ya fara ramewa, cikin idonsa ya yi fari, ƙwallon da ake dukansa a kanta ya daina bugawa da kansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda nake jin sa a bayan ɗaki yana kuka ƙasa-ƙasa in zai yi fitsari, yana toshe baki don kada a ce shi rago ne. Inna ta yi ta zagaye-zagaye da magana har dai ta samu Hajiya ta yarda a kai shi gidan likita, da sharaɗin ita za ta kai shi da ƙafarta. Ni aka ce in bi su in riƙe mata jaka.

Majo, wato babban mai jinya, ya duba shi, ya ja fatar idonsa ƙasa, ya ce a je labo a auna fitsari tukuna. Mai labon wani saurayi ne mai ladabi, har ya tashi ya ba Hajiya kujerarsa. Ladabin nan nasa ne ma ya jawo komai, don da ya karɓi kwalbar fitsarin ya yi shiru da bakinsa, da an wuce wurin. Amma ya ga babbar mace, ya ga ya kamata ya yi mata bayani. Ya nuna mata na'urar da ke kan tebur, ya ce, "Hajiya, ɗigo ɗaya za mu sa a kan gilashi. In akwai ƙwayayen tsutsa a ciki, wannan za ta ƙara musu girma sau ɗari, in an so ma har sau ɗari huɗu."

"Ta ƙara musu me?" in ji Hajiya.

"Girma, Hajiya."

Ta miƙa hannu ta ɗauke kwalbar daga kan tebur, ta naɗe ta a bakin mayafinta, ta kama hannun ƙanena. Mai labo yana "Hajiya, Hajiya, tsaya ki ji," ita kuwa har ta kai bakin ƙofa. Da muka isa gida ta sa aka haƙa rami a bayan ɗakinta, ta juye kwalbar a ciki, ta rufe da ƙasa ta tattake.

A wannan rana haushinta ya cika ni, amma yanzu da na girma na san ba shirme ta yi ba. A gidanmu ba a zubar da gashin da ya fita a wurin tsifa ko kitso, sai a tattara a binne. Haka farce in an yanke, haka cibiyar jariri. Mun tashi da sanin cewa abin da ya fita daga jikin mutum bai gama rabuwa da shi ba, abin da aka yi masa yana iya komawa kan mai shi. To ga wani ya ce zai ɗauki abin da ya fito daga cikin jikanta ya ƙara masa girma. A lissafin Hajiya, in na cikin kwalba suka girma, 'yan'uwansu da suka rage a cikin yaron ba za su zauna yadda suke ba. "Abin da ido ba ya gani ma ya sa shi fitsarin jini," ta ce wa Inna, "ina ga an ninka shi ɗari? So kuke su fasa masa mara?"

Na ce, "Hajiya, ba haka ba ne, mun yi wannan a lakwal."

"To yaya ne, 'yar lakwal? Faɗa mini."

Na buɗe baki da ƙarfina, don a kilas ɗinmu babu wanda ya kai ni a wannan darasi. Sai na ji Faransanci ne kawai ke fitowa. Na karanto mata abin da na haddace tiryan-tiryan, tana kallona tana jan carbi. Da na kai aya ta ce, "Madalla. Yanzu yi mini da Hausa." Na nemi Hausar na rasa. Duk inda na juya sai in dawo kan kalmar mai labo, ƙara girma, ita kuwa kalmar nan ita ce ta ɓata komai. Na shige ɗaki ina huci, tana bi na da dariya.

Muka kira Baba a waya, ni na karɓe daga hannun Inna na zayyana masa komai. Ina jin ƙarar motoci a bayansa, ya ce, "Ke, abin da Hajiya ta ce shi za a yi. In na dawo a duba." Dawowarsa kuwa sai damina, ga shi ko zafin bazara bai fara ba. Na dubi ƙanena yana kwance a tabarma da rana tsaka, yaron da da sai an ɗaure shi yake zama, na san ba zai kai damina a haka lafiya ba.

Washegari bayan an tashi daga lakwal na tsaya na sami mushenmu, wato malaminmu na kimiyya. Bazabarme ne daga yammacin ƙasa, mutumin kirki, amma Hausarsa sai a hankali. Namiji ya ce masa "ke", mace ya ce mata "kai", mu kuwa mu yi ta ƙunshe dariya. Na gaya masa halin da ake ciki, na roƙe shi ya ara mini mikroskop ɗin lakwal, wanda mutanen gari ke kira madubin likita. Ya ce ba zai iya ba ni a hannu ba, guda ɗaya ne tak a makarantar, amma zai nemi izinin darakta ya kawo shi da kansa ranar Lahadi da hantsi, lokacin da rana ta yi kyau. Sannan ya nuna ni da yatsa ya ce, "Amma ni Hausa nawa bai kai ba. Kai ne za ki yi wa tsohuwa magana."

Kwanakin da suka rage na yi su ina magana ni kaɗai. Ina daka ina bayani, ina wanke-wanke ina bayani, har Inna ta tambaye ni ko lafiya. Daga ƙarshe na samo wani misali da na ga ya yi daidai da tsohuwar da ta san gona, na riƙe shi gam ina jin daɗi.

Ranar Lahadi mushe ya iso a kan moto, wato babur, da akwatin katako ɗaure a baya. Kafin ya gama kwancewa labari ya zagaya, matan maƙwabta sun fara shigowa, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo gaida Hajiya, kuma babu wadda ta fita. Hajiya ta karɓi baƙo yadda ya kamata, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura, ta tambaye shi mutanen gida da gajiyar hanya. Sai da aka gama wannan duka ta ce, "Malam, ka zo lafiya, amma ka sani babu abin gidan nan da zai shiga cikin abin nan naka."

Muka kife turmi a inda rana ke faɗowa, muka ɗora na'urar a kai. Na'urar tsohuwa ce, baƙa, fentinta duk ya goge a wurin riƙo. Ba ta buƙatar kuran, wato wutar lantarki, wani ɗan madubi ne a ƙasanta da ake juyawa ya kamo hasken rana. A samansa akwai ɗan faranti mai huda inda ake ɗora gilashin da abin dubawa ke kai. Sai bututu, a bakinsa na sama gilashin da ake sa ido, an rubuta goma a jikinsa. A bakinsa na ƙasa kuma gilasai uku ne a kan wani abu mai juyawa, ɗaya an rubuta huɗu, ɗaya goma, ɗaya arba'in.

Na gyara murya na fara. Na ce, "Hajiya, gilasai biyu ne ke aiki, na ƙasa da na sama. Kamar ki shuka tiya ɗaya ta gero ne ki sami tiya arba'in. In kika sake shuka arba'in ɗin nan, kowace tiya ta ba ki goma, kin ga ya zama ɗari huɗu."

Ina rufe baki Hajiya ta tafa hannu. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku! Shuka su ake yi su yaɗu. Ai abin da na faɗa ke nan tun farko, aka ce tsufa ne." Mata suka ɗauki "wallahi kuwa", wata har da jan ɗanta baya daga turmin. Misalin da na kwana ina taƙama da shi, shi ya kashe ni. Na dubi mushe, ya ɗaga kafaɗa, bai ma gane abin da ya faru ba. Kunya da haushi suka rufe ni, saura kaɗan in fashe da kuka.

Ina cikin haka idona ya faɗa kan tabarau ɗin Hajiya, wanda ta sayo a Makka, yana rataye a wuyanta da zare. Da shi take karatu, da shi take zura zare a allura. Na ce, "Hajiya, in kin sa tabarau, kafar allura tana ƙara faɗi?"

"Tana yi mana. In ba haka ba me zan yi da shi?"

"To in ta yi faɗin, igiyar guga tana shiga?"

Mata suka kwashe da dariya. Hajiya ba ta yi ba. Ta shiga juya maganar, har na fara murna a raina. Sai ta ce, "Na ji. Amma allura ƙarfe ce, ba daga jikin kowa ta fito ba."

Kun ga irin tsohuwar da nake fama da ita. Kuma gaskiyarta ce, duk abin da zan sa a wurin, albasa ce ko zare ko ƙafar ƙuda, amsarta ɗaya ce. Abin da take tsoro na jikin mutum ne, don haka sai na jikin mutum zai raba gardama. Ban yi shawara da kowa ba. Na zame kallabina, na kama silin gashi ɗaya daga gefen kitsona, na fizge.

"Ke!" in ji Inna, ta dafe ƙirji. Wata maƙwabciya ta saki salati. Budurwa ta tsige gashinta da hannunta, a gaban baƙon namiji, za ta sa a na'urar da ba a san kanta ba. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na ji tsoro. Na san abin da littafi ya ce, na kuma yarda da shi, amma a gidan nan aka haife ni. Na kwantar da gashin a kan gilashi, na ɗiga ruwa, na rufe da ɗan siririn gilashin da ake rufewa da shi. Na juya madubin ƙasa har haske ya cika bututun, na sa gilashin huɗu, na murɗa a hankali har gashin ya fito sarai.

Ban kira Hajiya ba, da kanta ta tashi. Da na yi tunani daga baya na gane dalili. Muddin albasa ce, tana iya zama a tabarmarta ta yi ta gardama har la'asar. Yanzu kuwa gashin jikarta ne a ciki, dole ta ga abin da ake yi masa. Ta zo ta durƙusa a gaban turmi tana "wash, gwiwata", ta kafa ido, ta rufe wanda ya kamata ta buɗe. Na gyara mata.

"Ba na ganin komai sai farin wata," ta ce.

Na ɗan murɗa kaɗan, don idonta ba irin nawa ba ne.

"Tsaya! Ga wani tsinke nan ya gitta."

"Gashina ne, Hajiya. Sau arba'in ke nan."

Na juya zuwa gilashin goma na daidaita, ta sake dubawa, ta ce ya zama kara. Sannan na juya zuwa na arba'in. A nan sai an yi hankali, don gilashin yana sauka har ya kusa taɓa abin da ake dubawa, hasken yana raguwa, kuma ɗan guntun wuri kawai ake gani. Na ƙara kamo rana da madubin, na daidaita, na ja baya. Hajiya ta sa ido. Sai da ta yi kamar ba za ta ɗago ba.

"La'ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Rake. Wallahi rake, har da ɓawonsa."

Ta ɗago a firgice ta cafko kaina da hannu biyu. Ta bi kitson nan layi-layi da yatsunta, ta duba inda na tsige, ta duba ƙeya, ta ja har na ce wayyo. Gashi dai yana nan yadda ta san shi. Ta sake ni, ta sa tabarau, ta sunkuya ta leƙa gilashin da ke kan farantin daga gefe. Silin gashin yana kwance a cikin ɗigon ruwansa, siriri, da ƙyar ake ganinsa. Ta koma ta leƙa ta sama, ta sake leƙawa ta gefe.

"To ina raken yake?" ta tambaye ni. A karon farko ba da gatse ta yi tambayar ba, so take ta sani.

Wannan tambaya ita ta buɗe mini baki. Na dafa bututun na ce, "A nan ciki yake, Hajiya, kuma ba gashi ba ne, hotonsa ne. Hasken rana yana bugun madubin nan, ya hau sama ya ratsa ta wurin gashin, ya shiga gilashin ƙasa. Gilashin yana da ɗan tudu a tsakiya, sai ya karya hasken, ya je ya zana hoton gashin a cikin bututu, babba, ninki arba'in. Shi kuma gilashin sama, tabarau ne irin naki. Bai san gashina ba, bai taɓa ganinsa ba. Hoton nan kawai yake kallo, sai ya nuna miki shi ninki goma."

"Hamsin ke nan," in ji wata maƙwabciya daga baya.

Hajiya ko waiwayawa ba ta yi ba. "Ke dai ba ki ji ba. Ba arba'in da goma aka ce ba. Abin da ya riga ya zama arba'in shi aka ninka goma. Ɗari huɗu."

Na ji kamar in rungume ta. Amma na san ta, in ba ta taɓa da hannunta ba, gobe za ta tashi da sabuwar gardama. Na mai da na'urar kan gilashin goma, na ce ta sa ido, ta kuma ɗora yatsa a gefen gilashin da gashin ke kai. "Tura shi dama, a hankali." Ta tura.

"Af! Ya yi hagu."

"Sake turawa."

"Hagu dai. Kai, wannan abu maƙaryaci ne."

"Yatsanki ina ya kai gashin?"

"Dama."

"To gashin yana inda kika kai shi. Wanda ya yi hagu hoton ne, don gilashin ƙasa a juye yake zana shi, dama ta koma hagu, sama ta koma ƙasa. Da gashin ne da kansa ya kumbura, da inda kika tura shi can zai bi."

Ta yi ta turawa tana dawowa da shi kamar yarinya ta sami abin wasa, har sai da mushe ya fara tsoron gilashinsa. Daga nan ta zauna a kan diddigenta, ta dube shi ta ce, "Malam, haka ne abin da ta faɗa?" Shi kuwa bakinsa har kunne, ya ce, "Haka ne, Hajiya, sosai sosai."

Sai Hajiya ta ce, "To shi yaron can na likita, me ya kai shi cewa ƙara girma? Ai ba girma abin nan ke ƙarawa ba. Gani yake ƙarawa. Da ya ce mini ƙara gani, da wa zai tsaya wahalar da jikana?"

Kalmar da na yi kwanaki ina nema, littafi bai ba ni ba, mushe bai ba ni ba, ga ta ta fito daga bakin wadda muka taru don mu koya wa. Kafin a rufe akwatin sai da kowace mace a gidan ta leƙa, har Inna. Hajiya kuwa ta sa aka ɗaga gilashin, ta ɗauke silin gashina da farcenta, ta miƙa wa Inna ta ce a binne.

Washegari da safe Hajiya ce ta tashe mu. A labo ta miƙa kwalba da hannunta, ta ce wa saurayin nan, "Ɗana, in ka gama dubawa ni ma zan duba." Ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya shirya komai, ya sa ido, bai daɗe ba ya ce ga su nan, ya matsa mata. Ta sunkuya ba tare da an nuna mata idon da za ta rufe ba. Ta tambaye shi sau nawa ne, ya ce ɗari, ta ce, "Goma sau goma ke nan," ya saki baki yana kallonta. Ni ma na leƙa bayanta. Ƙwayaye ne masu kamar 'ya'yan guna, kowanne da ɗan tsini a gindi, birjik.

Na zaci za ta yi wata magana mai daɗi, irin wadda zan riƙa tsokanarta da ita. Ba ta yi ba. Ta juya ta dubi ƙanena da ke tsaye a jikin bango, ta ce, "Da ma duk wannan yana cikinka, maigidana? Allah sarki." Muryarta ta karye, ta ja mayafi ta goge ido. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Hajiya ba sai ranar, kuma duk wani haushinta da ya rage mini a nan ya narke.

Majo ya auna ƙanena, ya ba shi wasu manyan ƙwayoyi farare, ya ce ya ci abinci tukuna kafin ya sha, kuma a raba shi da tabki. Ranar ya wuni da jiri, Hajiya na zaune a kansa tana yi masa fifita. Bayan 'yan makonni jinin ya ɗauke, ya fara cin tuwo kamar an aiko shi, kafin Baba ya dawo har an koma dukansa a kan ƙwallo. Zancen tabki kuwa, ba zan rantse muku ya daina gaba ɗaya ba. A cikin watan nan yara da dama na unguwarmu aka kai labo, don duk uwar da ta leƙo da zancen tsargiya, Hajiya ba ta ƙara jiƙa mata sassaƙe ba, sai ta ce, "Kai shi a ƙara gani."

Na ci brebe a shekarar, na ci wasu jarrabawar bayanta, yau ni ma kimiyya nake koyarwa. Amma in ana maganar abin alfahari, babu takardar da ta taɓa sa ni jin abin da na ji a gaban turmin nan, kaina ba kallabi, kitsona a hargitse. Ina alfahari da yarinyar da na kasance, kuma ina alfahari da tsohuwar da ta durƙusa da ciwon gwiwa a gaban matan da ke ganin girmanta, ta duba, ta canza magana.

Abin da na koya shi ne, sau da yawa mutumin da ya ƙi abin da ka kawo masa ba taurin kai ne da shi ba, ya ji abin da ka faɗa ne daidai yadda ka faɗe shi. Shi ya sa duk ɗalibin da ya karanto mini darasi da Faransanci babu tuntuɓe, nakan yaba masa, sannan in ce ya je gida ya faɗa wa kakarsa da Hausa, ya dawo ya gaya mini abin da ta tambaye shi. In ya iya amsa mata, to ya iya. In bai iya ba, mu koma farko.